Sa Waya Ta Riƙa Ɗaukar Muryar Kira Da Kanta: Yadda Ake Saitawa Da Inda Ya Kamata A Tsaya



'Yan'uwa, tambaya ɗaya ce take ta zuwa mana ta ƙofa biyu. Iyayenmu 'yan kasuwa suna tambayar yadda ake sa waya ta riƙa ɗaukar magana da kanta duk sanda aka yi kira. Ɗalibanmu kuwa, da yake su tuni suka iya, tambayarsu ita ce ko ya halatta. Mun ga gara mu haɗa amsar wuri guda, domin a wannan al'amari saitin da mutum ya zaɓa shi ne rabin hukuncin.

Buƙatar dai ta gaskiya ce. Cinikinmu na yau rabinsa a waya ake ƙulla shi. Mai albasa yana Adjen Kotoku, wanda zai loda masa mota yana Galmi a Nijar. Dillalin shanu yana Tulaku a Ashaiman, mai dabbobin yana can arewa ko Burkina. An yi magana, an ce buhu kaza a kan sidi kaza, za a biya rabi yanzu ta MoMo, ragowar bayan sati biyu. Sati biyun na cika sai ka ji wannan ya ce ba haka aka yi ba, wancan ya ce wallahi haka aka yi. Kuma sau tari babu maƙaryaci a cikinsu, mantuwa ce kawai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka: a rubuta bashi, a sa shaidu, ƙarami ne ko babba. Wanda yake ciniki da mutumin da ke nesa da shi da tafiyar kwana biyu, ba takarda a gabansu ba shaida, idan ya nemi abin da zai riƙe masa maganar da aka yi, bai nemi abin banza ba.

To yaya ake yi? Kafin komai a duba wace manhajar kira ce a wayar, wato wadda ake dannawa a buga lamba. Sunan wayar kaɗai ba ya wadatarwa, don za ka ga Tecno biyu, ɗaya da manhajar kamfanin, ɗaya da ta Google. Ta Google ana gane ta da hoton kan tarho shuɗi a cikin farin da'ira, ita ce kuma a yawancin wayoyin Nokia da Motorola da Redmi na baya-bayan nan.

Idan ta Google ce, a buɗe ta, a shiga “Settings” ta ɗigo uku ɗin nan da ke sama a dama, ko ta layuka uku idan sabon zubi ne. Mai wayar Faransanci “Paramètres” zai gani. A nemi “Call recording”. A ƙarƙashin “Always record” abu biyu ne kawai: lambobin da ba a ajiye su a wayar ba, da kuma zaɓaɓɓun lambobi. Na farko maɓalli ne a kunna shi. Na biyu a shiga, a danna wurin zaɓen suna, a ɗauko mutanen da ake so ɗaya bayan ɗaya. Ku lura, babu zaɓin “kowa da kowa” a nan. Sannan da an fara ɗauka, wata murya za ta sanar da ku biyun cewa ana ɗaukar wannan kira. Mutane da yawa wannan sanarwar ce take ba su haushi, har suna yawo wajen masu gyara a cire musu ita. Mu kuwa a ganinmu ita ce mafi alherin abin da ke cikin manhajar, za mu zo kan dalili. Abin da aka ɗauka yana cikin jerin kiran da aka yi: a taɓa sunan mutumin, za a ga wurin saurare a ƙasansa. A cikin saitin kuma akwai inda ake cewa wayar ta goge da kanta bayan kwana 7, ko 14, ko 30, ko kada ta goge sam. Wayar tana buƙatar Android 9 ko sama da haka, kuma ba a kowace ƙasa Google ya buɗe wannan aiki ba.

Samsung nata daban ne. A buɗe manhajar kira, ɗigo uku, “Settings”, sai “Record calls”, sai a kunna “Auto record calls”. Ita zaɓi uku take bayarwa: duk kira, ko lambobin da ba a ajiye ba, ko lambobin da aka ware. Fayilolin suna cikin ma'ajiyar wayar, a jakar “Recordings”, cikinta akwai “Call”. Amma ga abin da ke wahalar da mutane: Samsung tana kunna wannan ne gwargwadon ƙasar da aka yi wayar dominta. Wanda ya sayi ta hannu a Circle a Ankara ko a Adum a Kumasi, wadda aka shigo da ita daga Turai, zai iya bincike har ya gaji bai ga “Record calls” ba. Wayar ba ta lalace ba, haka aka yi ta. Haka nan idan kiran ta Wi-Fi yake tafiya, wasu wayoyin ba sa ɗauka.

Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun yawancinmu, kamfani ɗaya ne yake yin su, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Waɗanda suke da manhajar kamfanin, a shiga saitin manhajar kira ta hoton ƙaramin gargare ko ɗigo uku, a nemi inda aka rubuta kalmar “record”. Sunan wurin yana ɗan sauyawa daga wannan samfuri zuwa wancan, amma kalmar ba ta ɓacewa. Har ƙananan wayoyi masu maɓalli da tsofaffinmu suke riƙewa, da yawansu suna da shi a saitin kira, sai dai wasu sai an sa musu katin memori.

Masu iPhone, ku yi haƙuri. Sai a watan Oktoba na 2024, da iOS 18.1, Apple ya sa ɗaukar kira, kuma ba ya tashi da kansa. Kowane kira sai ka danna, wayar ta sanar da ɗayan, sannan ta ajiye a manhajar “Notes”.

Yanzu ga gargaɗi ga ɗalibai musamman, don ku ake miƙa wa waya a ce “sa mini abin nan”. Idan wayar ba ta zo da shi ba, kada ku tafi neman manhaja a waje. Google ya daɗe yana toshe wannan hanya: ya rufe wani sashe a Android 6, ya ƙara rufewa a Android 10, sannan daga 11 ga Mayu 2022 ya hana manhajojin Play Store bin ƙofar da ta rage musu, wadda asali an yi ta ne don taimakon makafi da masu nakasa. Shi ya sa yawancin waɗanda suka rage muryarka kaɗai suke kamawa, ta ɗayan kuwa kamar daga cikin rijiya. Mafi muni su ne waɗanda ake turowa ta WhatsApp a ce ka sauke ka sa da hannu. Manhajar da ka ba izinin makirufo da lambobinka da saƙonninka, kuma ba ka san wanda ya rubuta ta ba, ka ba baƙo makullin ɗaki ne. A wayar da MoMo yake ciki! Idan ta kama dole, a sa kiran a lasifika, a ɗauka da wata wayar. Tsohon yayi ne amma ba ya cin kuɗin kowa.

Abu biyu kuma a sani. Duk wannan saiti na kiran layi ne, na MTN ko Telecel ko AT. Kiran WhatsApp ba ya shiga ciki. Sannan bayan an saita a gwada da wani na gida, a yi magana ta minti ɗaya, a saurara a ji ko muryoyin biyu sun fito. Kada sai ranar rigima a buɗe a tarar da shiru.

Mu dawo kan zaɓi. Wanda wayarsa ta ba shi “duk kira”, shawararmu kada ya taɓa shi. Ku yi tunanin abin da ke ratsa wayar magidanci a mako guda. Ƙanwarsa ta kira tana kuka a kan abin da ke tsakaninta da mijinta. Abokinsa ya kira yana neman rancen da yake jin kunyar kowa ya sani. Mahaifiyarsa ta faɗi wata magana a kan kishiyarta da ba za ta so a maimaita ba. Maƙwabci ya faɗi ciwon da likita ya ce yana da shi. Duk waɗannan sun yi magana ne a kan cewa iska za ta ɗauke ta. Ba wanda ya san tana nan kwance a jaka, da kwanan wata da lambar waya a jikinta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa mutum in ya yi maka magana yana waige-waige don kada wani ya ji, to maganar nan ta zama amana a wuyanka. Wanda ya kira ka a waya ya rage murya, ai ya waiga ke nan.

Wani zai ce, ni ba zan ba kowa ba, a wayata kawai take. To wayar taka a hannun wa take kwana? Yara suna wasa da ita. Ana kai ta gyara a bar ta kwana biyu. Ana sace ta a tasha. Ana sayar da ita. Kuma mai ita yana mutuwa, magada su buɗe. Maganar da harshe ya riƙe tana bin mai ita kabari, wadda waya ta riƙe kuwa gado take zama.

Don haka abin da muke ganin ya fi dacewa shi ne zaɓaɓɓun lambobi: abokan ciniki, wanda kake bi bashi da wanda yake bin ka, direban da ke ɗauko kaya, magini ko dillalin fili. Mutum biyar ko goma, ba su wuce haka ba. Kuma a gaya musu. Ba wani dogon bayani ba ne: “Alhaji, na sa wayata tana ɗaukar maganarmu ta ciniki saboda lissafi, don kada ni ko kai wani ya manta. Ka yarda?” Mai gaskiya zai ce ai ya fi, wataƙila ma ya ce ka turo masa. Wanda ya ƙi, haƙƙinsa ne, sai ku koma rubutu, ko saƙon murya da kowa ya san ajiye shi ake yi. A nan ne sanarwar da wayar Google take yi ta zama rahama: ta ɗauke maka nauyin faɗa, ta kuma hana ka zama mai laɓe ko da ka manta.

Wasu suna cewa in ka sanar, mutum ba zai faɗi gaskiya ba, gara ka kama shi bai sani ba. A nan sai mu tambayi kanmu me ake nema. Ayar bashi ba tarko ta koyar ba. Ta ce wanda ake bi shi ne zai yi shifta, wato da saninsa da bakinsa ake rubutawa, don a toshe ƙofar jayayya tun kafin ta buɗe. Ɗaukar da aka yi da sanin kowa tana hana rigima. Wadda aka yi a ɓoye jiran rigima take yi.

Kuma ko a kotun ƙasa ba lallai ta yi maka amfani ba. Tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 18(2), ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da maganganunsa. A shekarar 2018 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kan wata shari'ar fili da ta taso daga Sunyani. Mai ƙara ya ɗauki hirar waya da ya yi da wakilin waɗanda yake ƙara ba tare da saninsa ba, ya kawo a matsayin hujja cewa an amsa masa haƙƙinsa. Kotu ta ce wannan ɗauka keta sirri ce ko da kai ne ɗaya daga cikin masu maganar, domin wanda ya yarda ya yi magana da kai bai yarda ka naɗe shi ba. Aka ƙi karɓar hujjar. Kotun ba ta ce duk irin wannan ɗauka a kowace shari'a watsi za a yi da ita ba, ta bar wa alƙalai su auna, amma darasin a fili yake ga mai rigimar fili ko bashi. Masu 'yan'uwa a waje kuma su kula: a Jamus ɗaukar maganar mutum ta sirri ba izini laifi ne da zai iya kai wa ɗaurin shekara 3, a Faransa shekara 1 da tarar yuro 45,000. A Amurka jiha-jiha ne, New York yardar ɗaya ta isa, California sai kowa ya yarda.

Ta fuskar fiƙihu ma kada a ɗora wa murya abin da ba za ta iya ɗauka ba. Malamai da yawa na wannan zamani suna lissafa ta a cikin ƙarina, wato alamar da ke ƙarfafa magana, ba su ajiye ta a matsayin shaidu biyu adalai ba. Dalilin a bayyane yake. Murya tana kama da murya. Ana yanke farko a bar ƙarshe, “na yarda” ta fito, “idan ka kawo kayan ranar Juma'a” ta ɓace. Yanzu kuma ga manhajojin da suke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa. Saboda haka ciniki in ya yi nauyi, bayan an ajiye waya a bi shi da rubutu: adadi, farashi, ranar biya, ɗayan ya amsa. In fili ne ko gida, takarda da shaidu, babu makawa.

Akwai wani amfani da muke so mu faɗa ƙarara cewa bai halatta ba, don mun san ana yi. Miji ya ɗauki wayar matarsa tana barci ya kunna mata ɗauka, ko mata ta yi wa mijinta, ko maigida ya yi wa yaron shagonsa, da dare a zo a saurara. Wannan ba ajiye maganarka ba ne, sauraron maganar wasu ne da ba da kai ake yi ba. Shi ne tajassusin da aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana, a jere da mummunan zato da giba, kuma jerin nan ba banza ba: zato ne yake kai mutum ga laɓe, laɓe ya kai shi ga yaɗawa. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas narko mai tsanani, na narkakkiyar dalma a kunne ranar Alƙiyama, ga mai kasa kunne ga hirar mutanen da ba sa son ya ji. Kuma mai neman abu a maganar da ba tasa ba sai ya samu, ko da babu. Mace ta yi dariya da ɗan'uwanta, ta ce wa ƙawarta “bari sai ya fita”, alhali zancen ɗinkin Salla ake yi, shi ke nan aure ya girgiza. Wanda yake da damuwa a gidansa ya zo a zauna da manya. Ɗalibi kuma in an ba shi wayar da ba ta mai miƙowar ba a ce ya saita, ya ba da haƙuri cikin ladabi, ko da wanda ya aike shi babba ne.

Sai batun malamai. Ɗalibi ya kira malaminsa da tambaya a kan gado ko iddar mamaci, yana so ya ɗauka don ya maimaita ya fahimta, wannan abu ne mai kyau, kuma ba mu san malamin da zai hana ba idan an nemi izininsa. Amma izinin ɗauka daban, izinin yaɗawa daban. Amsar da malam ya ba ka a waya an yanka ta ne daidai jikin tambayarka, da abin da ka faɗa masa da abin da ya sani game da kai. Ka cire tambayar ka tura amsar a zauren WhatsApp, sai ta zama fatawa ga mutum ɗari biyu da halinsu ba naka ba ne. Mas'alar saki ta fi kowace haɗari a nan, domin lafazi ɗaya ko niyya ɗaya tana juya hukunci. In kana ganin amsar za ta amfani jama'a, koma wurinsa ka ce, “Allah gafarta Malam, ko za a maimaita wannan don a tura wa mutane?” Sai ya faɗe ta yadda ta dace da kowa.

Lambobin da ba a ajiye ba fa? Nan akwai sauƙi, don ta nan 'yan damfara suke shigowa: wanda zai ce ya tura maka kuɗi bisa kuskure ka mayar, wanda zai ce daga ofishin kamfanin layi yake za a rufe maka asusu, wanda zai ce ɗanka yana asibiti. Mai zalunci ba shi da amanar da za a tsare masa a kan zaluncinsa, kuma mai barazana ko mai damun mace da kira, ɗaukar muryarsa don kai ƙara kare kai ne. Sai dai a kai ta inda ya dace: 'yan sanda, ko kamfanin layin ta lamba 100, ko Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa ta lamba 292. Ba zauren unguwa ba, don lambar da aka kira ka da ita ta yiwu da katin wani bawan Allah aka yi mata rajista. A tuna kuma cewa baƙuwar lamba ba kullum ta ɗan damfara ba ce. Wata rana ɗan'uwa ne ya ari waya. In an ji haka sai a goge. Ɗaukar ma ba ta dawo da kuɗin da ya fita. Abin da ke tsare kuɗi shi ne kada a faɗa wa kowa lambar sirri ta MoMo, ko wane ne shi, kuma kada a amince da saƙon cire kuɗin da ba kai ka nema ba.

Game da wuri, murya ba ta da nauyi, minti ɗaya bai cika wuce megabait ɗaya ba, amma ƙaramar waya in an bar ta shekara sai ta cika. A sa ta goge bayan kwana 30 in tana da wannan zaɓi. Wadda ta shafi bashin da ba a biya ba, a fitar da ita tun kafin lokacin, a sauya mata suna da sunan cinikin da kwanan wata, a tura wa abokin cinikin kwafinsa. Ranar da aka biya, a goge, shi ma a ce ya goge. A sa wa wayar makulli. Kafin a kai ta gyara a kwashe jakar, kafin a sayar ko a ba wa yaro a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, a cire katin memori, don gogewar wayar ba lallai ta taɓa shi ba.

Iyayenmu da rubutun Turancin wayar yake ba su wahala, su tsaya bayan sallar La'asar su nemi ɗaya daga cikin manyan ɗalibai. A zo da sunayen waɗanda ake so a sa a jerin, kuma a riga an gaya musu.